Kyandir ɗin waken suya a kicin ɗin Abuja: abin da mai koyo zai sani kafin ya ɗora tukunya

A shekarun baya, kyandir a gidajen Abuja kayan ɗaukewar wuta ne kawai. Yana kwance cikin durowa tare da ashana, idan aka ɗauke wuta a ɗiga narkakkensa a kan murfin gwangwanin madara a dasa shi, a zauna jiran dawowarta. Fitilu masu caji da ƙananan na'urorin hasken rana sun daɗe da ƙwace masa wannan aiki. Sai dai kyandir bai bar gari ba, riga ya sauya. Yau ana ganinsa cikin kwalba mai murfin katako a kantunan Wuse 2 da Maitama da Jabi, yana ƙamshin oud ko lemun tsami, ana cusa shi cikin kwandon kyautar Sallah da na Kirsimeti, ana raba shi a wurin biki a matsayin tsarabar mahalarta. Akasarin irin waɗannan kwalabe suna ɗauke da rubutun da ke cewa da kakin waken suya aka yi su.

Ba abin mamaki ba ne da sha'awar koyon yin sa ta shiga gidajen ma'aikata a Kubwa da Lugbe da Gwarinpa da Nyanya. Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafin man fetur, aka kuma saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin wannan shekara, albashi ya daina kai mutane ƙarshen wata. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sanya wa hannu a Yulin 2024 bai cike giɓin ba. Kowane gida na neman ƙofa ta biyu, kuma bidiyoyin Instagram da TikTok suna nuna yin kyandir kamar dama kunu: a narka, a zuba, a sayar. Gaskiyar lamarin ta fi haka tsawo. Sana'ar tana koyuwa a kicin, amma tana da awo, tana da jira, tana da haɗarin gobara, kuma ga ma'aikacin gwamnatin tarayya tana da wata doka da ya kamata ya karanta kafin ya buga takardar farashi.

Kaki daga gona

Kyandir ɗin da aka saba da shi a shagunan unguwa na farafin ne, wato kakin da ake samu wajen tace ɗanyen man fetur, wanda ya mamaye kasuwar duniya tun daga tsakiyar ƙarni na 19. Kafinsa kitsen dabbobi da kakin zuma ake amfani da su, a ƙasar Hausa kuma aci-bal-bal ce ke haska zaure da ɗan mai da lagwanin tsumma. Kakin waken suya sabon shiga ne. Wani mai sana'ar kyandir a Amurka, Michael Richards, shi ya samar da shi a farkon shekarun 1990 yana neman abin da zai maye gurbin kakin zuma mai tsada, daga baya kuma kamfanin Cargill ya sayi haƙƙin fasahar a 2001.

Yadda ake yin sa na da muhimmanci ga mai koyo, domin zai raba shi da wani kuskuren fahimta. Ƙwayar waken suya na ɗauke da mai kimanin kashi 18 zuwa 20 cikin ɗari na nauyinta. Ana tatsar man, a tace shi, sannan a masana'anta a cusa masa iskar haidirojin a ƙarƙashin zafi da matsi, da taimakon sinadarin nikel. Wannan ne ke sauya tsarin man ya daskare a zafin ɗaki. Ba aikin kicin ba ne. Duk wanda ya sayo galan ɗin man waken suya daga kasuwar Wuse da niyyar mayar da shi kaki a gida, to ya sayi man miya. Mai koyo kakin yake saye a shirye, yawanci ɓarɓashi fari mai kama da ɓawon sabulu.

A nan ne abin takaicin yake. Najeriya na cikin manyan masu noman waken suya a Afirka. An shigo da irinsa ƙasar tun 1908, manoman Tibi a Binuwai suka rungume shi, Cibiyar IITA da ke Ibadan ta fitar da ingantattun iri masu lambar TGx, yau kuma ana noma shi a Kaduna da Neja da Nasarawa da Kano da Taraba. Buhunansa na cika kasuwar Dawanau, awara ta zama abincin kowace unguwa, masu kiwon kaji sun dogara da dusarsa. Duk da haka, kakin da masu kyandir ke saye galibi daga ƙetare ake shigo da shi, don haka farashinsa bin dala yake yi. Motar waken suya na iya ratsa Abuja daga Gboko, amma matar da ke zuba kyandir a Karu tana jiran kakinta ya iso ta tashar jiragen ruwa ta Legas.

Kakin yana da halinsa. Yana da taushi, yana narkewa a ƙaramin zafi. Nau'o'in da ake zubawa a kwalba na fara narkewa ne tsakanin digiri 45 zuwa 52 a ma'aunin Salshiyos. Saboda haka ba ya tsayawa da ƙafarsa kamar dogon kyandir na shago, sai an ba shi mazubi. Yana cin wuta a hankali, kuma idan ya zube ana wanke shi da ruwan zafi da sabulu. Wanda ke neman hasken da zai raka shi dare a lokacin ɗaukewar wuta, fitilar caji ta fi masa arha nesa ba kusa ba. Kyandir ɗin waken suya kayan ƙamshi ne da ado.

Kayan aiki da awo

Kayan farawa ba su da yawa, kuma rabinsu na kicin ne: tukunya mai faɗi, jug na ƙarfe ko na alminiyam mai bakin zuba, cokalin juyawa, kwalabe masu jure zafi ko gwangwanaye masu murfi, lagwani mai ɗan faifan ƙarfe a gindi, abin manna shi, da sandunan da za su riƙe shi a tsakiya, ko da tsinken tsire ne ko maƙalin shanya. Tukwane da kwalabe ana samun su a kasuwannin Wuse da Garki da Utako. Kaki da lagwani da man ƙamshi kuwa, da yawa daga masu sana'ar odarsu suke yi ta intanet ko daga dilolin sinadarai na Legas irin na kasuwar Ojota. Jug da cokalin da suka taɓa man ƙamshi sun bar aikin abinci ke nan har abada.

Abubuwa biyu ne ba a yin rowa a kansu: sikeli mai auna giram, da ma'aunin zafi. Girkin gida ya saba da awon ido da na ludayi, amma kyandir ba ya yafe kintace. Komai da nauyi ake auna shi, har man ƙamshi.

Lissafin mai sauƙi ne. A cika kwalba da ruwa zuwa inda ake son kakin ya tsaya, a auna ruwan. Narkakken kakin waken suya ya fi ruwa rashin nauyi, don haka sai a ninka adadin da 0.86. Kwalbar da ta ɗauki mililita 200 na ruwa za ta ɗauki kimanin giram 172 na haɗin kaki da turare. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce man ƙamshi ya kasance kashi 6 zuwa 10 cikin ɗari na nauyin kaki. Idan aka zaɓi kashi 8, kwalbar za ta ci kaki giram 159 da turare giram 13. Ke nan kilo ɗaya na kaki zai ba da irin wannan kwalba shida, da ɗan ragowa. Wannan lissafi shi ne ginshiƙin sanin ko akwai riba a cikin sana'ar ko babu, kuma yana da kyau a yi shi a takarda kafin a biya kuɗin kaya.

Ba a ɗora kaki kai-tsaye a kan wuta. Ana zuba ruwa a tukunya, a saka jug ɗin kaki a ciki, zafin ruwan ya narkar da shi sannu a hankali. Hikimar ita ce ruwa ba ya wuce digiri 100, don haka kakin ba zai yi zafin da zai kama wuta ba muddin ruwan bai ƙone ba. A kula kada ɗigon ruwa ya faɗa cikin jug ɗin, domin ruwa a cikin kyandir na sa harshen wuta tartsatsi. Gas ko risho duk suna yi. Masu murhun lantarki a layin Band A, waɗanda hukumar NERC ta ɗaga musu farashi zuwa naira 225 kan kowane kilowat a awa a watan Afrilun 2024, su sanya kuɗin wutar cikin lissafinsu.

Idan kaki ya kai kusan digiri 85, sai a sauke, a zuba man ƙamshi, a juya a hankali na minti biyu cikakku. Juyawar ba ta ado ba ce: turaren da bai haɗu da kaki ba zai kwanta a gindin kwalba ko ya tsattsafo a sama. Daga nan a bar shi ya huce zuwa wajen digiri 55 zuwa 60, gwargwadon abin da mai kakin ya rubuta a jikin buhunsa, sannan a zuba a kwalaben da aka riga aka wanke, aka busar, aka manna musu lagwani a tsakiya. A zuba a hankali don kada iska ta shiga. A ajiye su da tazara a tsakaninsu, nesa da fanka da na'urar sanyaya ɗaki, a bar su su kwana. Firji ba wurinsu ba ne. Sanyin gaggawa na tsaga kaki, ya kuma janye shi daga jikin gilashi.

Sai jira. Washegari kyandir zai yi kama da wanda ya gama, amma kakin waken suya na ci gaba da daidaita kansa a ciki na kwanaki. Masu sana'ar na barin sa mako ɗaya zuwa biyu a rufe kafin su kunna. Wanda ya kunna a rana ta biyu ya ji babu ƙamshi, sai ya zargi mai turare, alhali gaggawa ce ta cuce shi. Wanda ya karɓi odar bikin da za a yi ranar Asabar a daren Laraba ya riga ya makara.

Lagwani, inda aikin yake

Narka kaki da zuba shi ana iya koyonsu a yini guda. Zaɓen lagwani kuwa shi ne sana'ar. Michael Faraday, masanin kimiyyar nan na Ingila, ya gina jerin laccoci sukutum a kan kyandir, waɗanda aka buga a littafi a 1861, kuma bayanin da kimiyya ke yi bai sauya ba: wuta na narkar da kakin da ke kusa, lagwani ya tsotso narkakken zuwa sama kamar yadda tsumma ke shan ruwa, zafi ya mayar da shi tururi, tururin ne ke ci. Lagwani famfo ne. Idan ya yi ƙanƙanta, ba zai jawo isasshen mai ba. Idan ya yi girma, zai jawo fiye da abin da wutar za ta iya cinyewa.

Kowane ɓangare na da alamarsa. Ƙaramin lagwani na haƙa rami a tsakiyar kyandir ya bar kaki manne da gefen kwalba, har daga ƙarshe wutar ta nutse cikin ramin ta mutu, rabin kuɗin mai saye ya tafi a banza. Babban lagwani na ba da doguwar wuta mai rawa, ya yi baƙin hayaƙi a bakin kwalba, ya tara dunƙulen gawayi a kansa, ya sa gilashin ya yi zafin da ba ya taɓuwa. Na farko asara ne, na biyu haɗari ne, domin gilashin da ya sha zafi fiye da kima yana iya fashewa a kan tebur.

Masu sayar da lagwani na da jadawalin da ke danganta lambarsa da faɗin bakin kwalba, kuma daga nan ake farawa. Amma jadawali hasashe ne. Nau'in kaki, yawan turare, launi, har da siffar kwalba duk suna sauya yadda wuta ke ci. Hanya ɗaya tak da ake tabbatarwa ita ce gwaji: a zuba kwalabe uku iri ɗaya, a sa wa ɗaya lagwanin da jadawali ya nuna, ɗaya na sama da shi, ɗaya na ƙasa da shi. Bayan sun yi kwanakinsu, a kunna su tare na awa uku zuwa huɗu, a kashe, su daskare, a sake, har su ƙare. Ana rubuta komai a littafi. Lagwanin da ya dace zai narkar da saman kaki zuwa gefen kwalba cikin kimanin awa ɗaya ga kowane santimita biyu da rabi na faɗinta, zurfin narkakken bai wuce santimita ɗaya da ɗan abu ba, wutar kuma a natse. A lura musamman da rabin kwalba na ƙasa, domin can ne zafi ke taruwa. Lagwanin da ya yi kyau a sama yana iya yin yawa a ƙasa.

Wannan gwaji na cin kaki da lokaci, kuma shi ne matakin da masu hanzarin kai kaya kasuwa ke tsallakewa. Da zarar an sauya kwalba ko turare ko dilan kaki, gwajin ya koma farko. Shi ya sa ya fi wa mai koyo alheri ya tsaya kan kwalba iri ɗaya da turare biyu ko uku na wasu watanni, maimakon ya buɗe shafi da ƙamshi goma sha biyu da bai taɓa ƙona ko ɗaya har ƙarshe ba. Kwalbar da faɗinta ya haura santimita 9 ko 10 galibi lagwani biyu take buƙata, kuma wannan darasi ne na gaba.

Yanayin Abuja

Yawancin darussan da ke intanet an shirya su ne a ƙasashen da ɗaki ke zama a digiri 20 ko kusa da haka. Abuja ba haka take ba. Daga Fabrairu zuwa Afrilu zafin rana yakan kusanci digiri 40, kuma cikin motar da aka ajiye a filin Sakatariyar Tarayya da tsakar rana yakan zarce 50. Kakin da ke fara narkewa a digiri 46 ba zai tsira a bayan irin wannan mota ba, haka ma a akwatin mai babur ɗin kai saƙo da ya maƙale a cunkoson hanyar Nyanya. Tun kafin ya narke ma, yakan yi gumi: ɗigon mai ya fito a samansa, lagwani ya karkace. Maganin shi ne a nemi nau'in kaki mai jure zafi, ko a haɗa shi da ɗan kakin zuma, a rage yawan turare zuwa kashi 6 ko 7 a bazara, a kuma aika kaya da sassafe ko da yamma. Kakin zuma na narkewa ne a wajen digiri 62 zuwa 64, kuma ana samunsa wurin masu kiwon zuma na cikin gida, sai dai a tace shi sosai. Ƙara shi na taurara haɗin, don haka lagwani zai buƙaci sabon gwaji.

Hunturu na zuwa da tasa matsalar. Ƙura na sauka a kan kakin da bai daskare ba ta zauna daram, saboda haka a kifa kwali a kan kwalaben. Sanyin asuba na Disamba da Janairu kuma na kawo wani farin dusa-dusa a jikin kaki, mai kama da furfura. Wannan ɗabi'ar kakin waken suya ce, ba ta hana shi ci, amma tana ɓata kyan gani, musamman idan an sa launi. Ɗumama kwalabe kaɗan kafin zubawa na rage ta. Idan saman kyandir ya fito da ramuka ko gurguje, ana gyara shi da iskar zafi ta na'urar busar da gashi, a narkar da saman kaɗan ya sake kwanciya.

Ƙamshin da ba a shigo da shi ba

Idan akwai inda mai sana'a ɗan Arewa ya fi takwaransa na ƙetare, to a hanci ne. Gidajen da suka tashi da turaren wuta a kasko, da humrar Maiduguri, da sandal da kajiji da hawi, ba sa buƙatar a koya musu yadda ake turara ɗaki. Amarya ba ta tarewa sai da kwalaben turare a jerenta. Kyandir mai ƙamshin oud ko miski ko sandal yana magana da wannan al'ada fiye da ƙamshin kabewa da kirfa da ake yayi a Amurka lokacin kaka, kuma yana da amfani a inda garwashi ba zai yiwu ba.

Sai dai ba kowane turare ke shiga kaki ba. Turaren fesawa da duk wani haɗi mai ɗauke da sinadarin alkohol ko ruwa ba ya haɗuwa da kaki, kuma yana iya kamawa da wuta. Man turaren shafawa da ake aunawa a kwalabe a kasuwa an yi shi ne don fata, ba a gwada shi a wuta ba. Wani ya toshe lagwani, wani ya sauya wari idan ya ji zafi. Abin nema shi ne man ƙamshin da aka yi musamman don kyandir. Haka kuma ba a barbaɗa itacen turaren wuta ko busassun furanni a saman kaki, komai kyan da suke yi a hoto, domin kowane ɗan itace lagwani ne na biyu. Launin abinci ba ya narkewa a kaki, kalar zanen yara kuma toshe lagwani take yi. Akwai rini na musamman, kuma mai koyo zai iya barin launi gaba ɗaya, tunda farin kakin kansa yana da kyau.

Ƙara turare fiye da ƙa'ida ba ya ƙara ƙamshi. Kaki na da iyakar abin da zai riƙe, ragowar kuma fitowa yake yi ya kwanta a sama, inda wuta za ta same shi.

Wuta ce, ko da tana ƙamshi

Ana yawan tallata kyandir ɗin waken suya da cewa ba ya hayaƙi kuma ba shi da wata illa, alhali na farafin guba ne. Wannan zance ya fi ƙarfin hujjarsa. Duk abin da ke ci da wuta yana fitar da hayaƙi, kuma tsawon lagwani da yawan turare da iskar ɗaki sun fi nau'in kaki tasiri a kan yawansa. Masu asma da jarirai na iya damuwa da ƙamshi mai ƙarfi ko daga wane kaki ya fito. Abin da ya tabbata yana da illa shi ne lagwani mai zaren dalma a ciki, wanda Amurka ta haramta a 2003. A tsaya kan na auduga ko na katako daga dilan da aka sani.

Ƙa'idojin amfani kaɗan ne, kuma wajibi ne mai yin kyandir ya liƙa su a jikin kowace kwalba: a datse lagwani zuwa milimita 6 kafin kowace kunnawa, kada a bar shi yana ci fiye da awa huɗu a jere, a nisanta shi da labule da gidan sauro da hannun yara, kada a yi barci ko a fita a bar shi, a daina kunnawa idan saura santimita ɗaya na kaki a gindi. Idan kaki ya kama wuta a kan murhu, ba a watsa masa ruwa, domin ruwa zai tarwatsa shi ya yaɗa wutar. A kashe murhu, a rufe da murfin ƙarfe. Lambar kiran gaggawa ta ƙasa ita ce 112. Mafi yawan ma'aikata a Abuja gidan haya suke zaune, sau da yawa a bene mai iyalai da dama, kuma gobarar kicin ɗaya ba ta tsayawa a kicin ɗaya. Ragowar narkakken kaki ma ba a zuba shi a magudanar wanke-wanke, don zai daskare ya toshe bututun har na maƙwabta.

Dokar da ta shafi ma'aikaci

Yin kyandir don ɗakin kai, ko don kyauta ga 'yan uwa da abokan aiki, babu wanda zai hana. Matsalar na farawa ne ranar da aka sa masa farashi. Kundin Tsarin Mulki na 1999, a Jadawali na Biyar, Kashi na Ɗaya, sakin layi na 2, ya hana jami'in gwamnati da ke aiki na cikakken lokaci shiga harkar gudanar da kasuwanci ko sana'a mai zaman kanta, in ban da noma. Sakin layi na 13 ya ƙara da cewa wanda ya aikata abin da aka hana ta hannun wakili ko wani da ya tsaya a madadinsa, tamkar shi ya aikata. Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata ce ke karɓar ƙorafi, Kotun Ɗa'ar Ma'aikata kuma ke yanke hukunci, wanda zai iya kaiwa ga barin muƙami da haramcin riƙe wani na tsawon lokacin da bai wuce shekara goma ba.

Kowa ya san yadda ake sayar da atamfa da turare da cincin a ofisoshin ma'aikatu, kuma kowa ya san ba kasafai ake tanka wa masu yi ba. Amma dokar da aka yi shiru a kanta ba ta mutu ba. Takan farka ne ranar da aka sami saɓani da wani, ko ranar da ƙarin girma ya zo da masu hamayya. Hadiman manyan jami'ai sun fi kowa buƙatar taka-tsantsan, domin kwandon kyautar ƙarshen shekara da ofishi ya saya daga kamfanin da ke da alaƙa da hadimin ofishin ya wuce batun sana'ar gefe, ya shiga batun cin karo tsakanin buƙatar kai da aikin hukuma, wanda sakin layi na 1 na wannan jadawali ya hana. Akwai ɗan abin dariya a ciki: ma'aikaci na da damar noma waken suya kadada ɗari a Kwali ko Abaji ya sayar, amma ba shi da damar gudanar da shagon kyandir ɗin da aka yi da man waken.

Matar aure ko miji ko ɗa da ba ya aikin gwamnati yana da 'yancin kafa sana'arsa, ya yi mata rajistar suna a hukumar CAC, muddin da gaske shi ke gudanar da ita, ba suna kawai ya ara ba. Ma'aikacin da ritaya ta gabato kuma yana da damar da 'yan kasuwa ba su da ita: lokaci. Zai iya shafe shekara yana gwada lagwani a ƙarshen mako, yana cika littafinsa da awo, yana raba kwalabe ga dangi yana jin ra'ayinsu, ba tare da ya sayar da ko ɗaya ba. Kilo biyu na kaki, lagwani kala uku, turare ɗaya da kwalabe goma sha biyu sun isa zagayen farko, kuma idan aka zuba su a ƙarshen wannan mako, sai bayan mako biyu za a kunna ta farko.